Wa Ya Kai Ƙarar Berto?

SHAFI NA 23

Masu zagin Berto a ƙarƙashin shafin da ya wuce, don Allah ku sassauta. Ni da ya yi wa abin ban zage shi ba, ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya. Masu cewa na yi nawa kuma, wuta aka ɗauke mana, sai yau ta dawo. Ga naku.

*

Ba wanda ya gayyace ni bikin cikar Papi shekara saba'in da biyar.

A shafin Yadira, matar Berto, na gani. Ta ɗora hoton kek, ta rubuta a ƙasa: "Lahadi a Guayama. Dangi kawai."

Ni kuwa an cire ni daga zauren dangi na waya tun watan Agusta, ranar da hukumar da nake wa aiki ta dakatar da lasisin Novena Brava, kamfanin Berto.

Kun san irin wasan. Ka biya kuɗin shiga a waya, ka tsinto 'yan wasan ƙwallon besbol tara daga ƙungiyoyi daban-daban ka haɗa taka. Abin da suka yi a fili na gaske shi ne makinka, wanda ya fi maki ya kwashe kyauta. Aikina a hukuma shi ne bin diddigin masu irin wannan kamfani: kar su bar yara su shiga, kar su taɓa kuɗin masu wasa, kar su buɗe wa wanda ya haramta wa kansa wasa ƙofa.

Ranar da Berto ya nemi lasisi na tsame hannuna, haka doka ta ce tunda jinina ne. Ko bangon fayil ɗinsa ban taɓa gani ba. Wani ne ya kai ƙara a asirce, aka bincika, aka tarar da asusun da aka buɗe da sunan aro. Iyakar abin da na sani ke nan, shi ma a jarida na karanta kamar kowa.

A ofis, da na shigo ɗakin shan kofi sai hira ta mutu, don an hana su zancen Berto a gabana. A gida kuma an ce ni na sayar da shi. Abincin rana a mota nake ci, da gilashi a rufe.

Duk da haka na sayi ƙaramar rediyo, na naɗe ta a takarda mai kyau, na kama hanyar garinmu, Guayama.

Tun daga bakin layi nake jin kiɗa da ƙarar domino. An fitar da motoci daga rumfa an jera kujeru. Ina sa ƙafa, Tío Guiso, ƙanen Papi, ya kifa hannu biyu a kan tebur.

"Jama'a ku ɓoye domino, ga gwamnati ta iso! Ba mu da lasisi!"

Aka kwashe da dariya. Na yi yaƙe.

"Sa min albarka, Tío."

"Allah ya yi miki. In dai ba tara za ki ci ni ba."

Gwaggona, Titi Lucha, ta juya min baya tana gyara balan-balan da ba abin da ya same su. 'Ya'yan Berto suka taso da gudu za su rungume ni, Yadira ta kira sunansu sau ɗaya, suka ja burki suka koma.

Papi na zaune a kujerarsa mai lilo, hannun hagun da shanyewar jiki ta kashe yana kan cinyarsa. Ya rame. Rigar da aka sa masa kamar ta aro.

Na durƙusa. "Sa min albarka, Papi."

"Allah ya yi miki albarka."

Bai kalle ni ba. Hanya yake kallo.

"Ga ɗan abin da na kawo maka. An fara gasar hunturu, ka riƙa jin wasa."

Na buɗe masa da kaina. Ya dubi rediyon, ya ture ta da bayan hannu.

"In ji wasan da ba ni da kowa a ciki?"

Maganar ta tsaya min a rai. Papi bai kamata ya kasance yana da kowa a cikin kowane wasa ba. Ni da kaina na tuƙa shi zuwa babban birni, San Juan, shekara uku da suka wuce, bayan dawakan tsere sun kusa cinye gidan nan, ya sa hannu a gaban hukuma cewa ya haramta wa kansa duk wasan kuɗi. Ranar har kuka ya yi a mota.

Ban samu damar tambayarsa ba, aka ce a zo a ci abinci.

Shinkafa da waken gandules, kaza, soyayyen agade. Mami ce ke zubawa, Yadira na miƙawa. Faranti ya zagaya ya wuce ni, ya sake zagayowa ya wuce ni.

"Ayya Nilsa, faranti ya ƙare," in ji Yadira. "Ba mu lissafa da ke ba."

Ta miƙo min na takarda, irin wanda aka ba yara.

Na karɓa. Na nemi wurin zama, babu. Na jingina da ginshiƙin rumfar ina ci a tsaye.

A nan Berto ya fito daga cikin gida riƙe da kwalba. Ya bar gemu, idanunsa sun faɗa. Da ya gan ni ya tsaya cak.

"Wa ya kira ta?"

Ni na amsa.

"Ba wanda ya kira ni. Ubana na zo gani."

"Ubanki? Da ma kina da uba? Na zaci hukuma ce ta haife ki."

"Berto, ba rigima ta kawo ni ba."

"Ai ba kya rigima, Nilsa. Ke a ɓoye kike yanka." Ya juya ga mutane. "Kun tuna ta a firamare? Ita ce malama ke ba wa alli ta rubuta sunan masu surutu. Har ni ƙanenta ta taɓa rubutawa."

"Ta fara da wuri," in ji Tío Guiso.

"Na faɗa maka, na sake faɗa maka, ban taɓa fayil ɗinka ba. Ko ɗakin da ake ajiye shi ba a bari na in shiga."

"To aljanu ne suka kai ni? Kamfanonin Amurka da ke kwashe kuɗin tsibirin nan kullum, ba ku gan su ba. Sai ɗan Guayama da ya fara a wannan rumfar da kwamfuta ɗaya. Yaran unguwar nan da na ɗauka aiki, kin san inda suke yanzu? Ɗaya yana soya kaza a bakin hanya. Biyu sun hau jirgi sun tafi Orlando, can Amurka. Uwar ɗayansu, Jomar, in ta gan ni a kasuwa, canza layi take yi."

"Ka ɗaukaka ƙara. In ba ka yi laifi ba za a mayar maka."

"Ji ta. Kamar na'urar amsa waya." Ya matso har ina jin warin abin da ya sha. "Kin san matsalarki? Ba ki da abin da za a ƙwace miki, shi ya sa ba ki san zafin ƙwace ba. Ba miji, ba ɗa, ko kyanwa ba ki ajiye ba. Sai katin aiki a wuya. Saurayinki Wilmer ma da ya gudu, ni na san me ya kore shi."

"Heriberto!" Mami ta daka masa tsawa da cikakken sunansa.

Ta makara. Maganar ta riga ta shige.

Na duba fuskokin da ke rumfar ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da na yi wa jigilar asibiti, mutanen da na cike wa takardun neman taimako bayan guguwa. Kowa ya sunkuyar da kai yana tsince wake a farantinsa.

Na ajiye nawa a kan bango na shige kicin.

Tukunyar shinkafar na kan murhu. Na naɗe hannun riga na buɗe famfo, don dai in samu abin da zan yi da hannuwana. Hawaye na zuba cikin ruwan wanke-wanke, ban share ba.

Na ji takun silifas a bayana.

"Kar ki jiƙa tukunyar nan, na riga na kankare."

Mami ta ɗaga wani kwano da aka kifa a gefe. Ƙanzo ne, mai ruwan zinariya, irin wanda muke faɗa a kansa ni da Berto muna yara.

"Naki ne. Na san za ki zo."

"Kin san zan zo, amma ba ki kira ni ba."

Ta ɗauki tsumma tana goge teburin da ya riga ya bushe.

"Mami, me Papi yake nufi da ba shi da kowa a wasa?"

Tsumman ya tsaya.

"Ci ƙanzonki."

"Mami."

Ta leƙa falo, ta tura ƙofar kicin ta rufe. Da ta juyo sai na ga ta tsufa fiye da yadda na bar ta a watan Agusta.

"Asusun da aka kama ɗin nan," ta ce a hankali. "Da sunan Don Tite aka buɗe shi."

"Don Tite? Wanda ya yi wa Berto uban baftisma? Ai ya makance, yana gidan 'yarsa a Ponce."

"Sunan ne nasa. Mai wasan yana can zaune a kujera mai lilo."

Na dafa bakin famfo.

"Papi?"

"Bayan jikinsa ya shanye, ba ya iya zuwa fili, ba ya iya riƙe domino. Wuni yake yana kallon bango. Ya yi ta roƙon Berto, yana cewa ai wannan ba caca ba ce, ilimin besbol ne, kuma ba wanda ya fi shi sanin besbol a garin nan. Berto ya ƙi, ya ƙi, ranar da ya tarar da shi yana kuka sai ya karɓi wayarsa ya buɗe masa."

"Ya san Papi ya sa hannu! Yana wurin!"

"Ya sani. Da fari ni ma na ji daɗi, ba zan yi miki ƙarya ba. Mutum ya dawo yana dariya, yana aske gemu, da asuba yana tashe ni wai mai jifan ƙwallonsa ya fitar da masu bugu goma. Sai kuɗin magani ya fara gajarta. Sai sarƙar da uwata ta bar min ta ɓace."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Tsaya ki ji." Ta matso kusa da ni. "Watan Yuli na je maƙabarta in kai wa uwata furanni. Kin san wurin da muka saya kusa da ita, ni da babanki, muka yi shekaru muna biya?"

Na gyaɗa kai.

"Na tarar an binne wani a ciki. Wani baƙo, ko sunansa ban taɓa ji ba. Da sabon siminti da hotonsa yana murmushi. Na je ofishin maƙabarta ina ihu, suka ce ai mijina, Don Monse, ya sayar tun Maris."

Ta zauna a kan kujerar roba kamar an zare mata laka.

"Kabarina, Nilsa. Ya sayar da kabarina ya sayi 'yan wasa."

Na rufe famfon.

"Na je wurin Berto na ce ya rufe. Ya ce zai rufe. Sati ya zagayo, babanki ya yi masa kuka, ya sake buɗewa. Na ga in na zuba ido, gidan nan ne zai bi baya."

Na zuba mata ido.

"Mami... me kika yi?"

Ta nuna firij da baki. Katin hukumarmu yana nan manne da maganaɗisu, inda na sa shi da hannuna shekara uku da suka wuce, da lambar kai ƙorafi a ƙasa.

"Ba a wayata ba. Ofishin coci na je, bayan an tashi addu'ar safe. Na ɗauka asusun kawai za su rufe su ja masa kunne. Na rantse da Budurwa Maryamu ban san za su rufe masa kamfani gaba ɗaya ba."

"Ke ce."

"Ni ce."

Kiɗa na tashi a waje. Wani ya buga domino da ƙarfi, aka yi shewa.

"Tun Agusta," na ce. "Kina zaune aka cire ni daga zauren dangi. Kina ji Titi Lucha ta kira ni Yahuza maci amana a bakin coci. Na kwanta zazzaɓin dengue ni kaɗai a gidana a Río Piedras, maƙwabciyata ce ta kawo min miya. Na kira ki, kika ce kina aiki za ki kira, ba ki kira ba."

"Kunya ce ta hana ni jin muryarki."

"Kalma ɗaya, Mami. Kalma ɗaya za ki faɗa ki wanke ni."

"In faɗa wa wa? Berto? In ya ji ni ce, Yadira za ta kwashe yaran nan ta bi 'yan'uwanta Orlando, ba zan sake ganin jikokina ba sai a waya. Babanki kuwa ba zai ƙara karɓar magani daga hannuna ba, kin san taurin kansa. Wa zai yi masa wanka? Wa zai juya shi? Ni gidan nan nake, nena, 'yata. In suka tsane ni, a tsakiyarsu zan kwana in tashi. Ke kuwa..."

Ta kau da kai.

"Ni kuwa me?"

"Bar shi."

"Ƙarasa, Mami. Ni kuwa me?"

Ta dube ni, idonta cike da ƙwalla.

"Ke kin saba zama ke kaɗai."

Duk abin da Berto ya faɗa min a rumfa, da Wilmer da kyanwa da katin wuya, bai kai wannan ba. Shi da fushi ya faɗa. Ita da tausayi.

Ta miƙo hannu za ta taɓa fuskata, na kauce.

"Saba wa na yi? Wa ya gaya miki ana sabawa?"

"Ki yafe min. Ke ce mai ƙarfin cikinsu, tun kina ƙarama. Na ce za ki iya ɗauka na ɗan lokaci, kafin ƙura ta lafa."

"To me ya sa yau kika faɗa min?"

"Na gan ki a tsaye da farantin takarda a gidan ubanki." Ta fashe da kuka, ta toshe baki da tsumma. "Amma ki rufa min asiri, nena. Don Allah. Don nonon da kika sha."

Aka murɗa hannun ƙofa.

Mami ta yi wuf ta miƙe ta tsunduma hannuwanta cikin ruwan wanke-wanke kusa da nawa.

Berto ne. Ya dube ni, ya dubi bayan Mami.

"Har kin sa ta kuka? Ba ki da aiki sai wannan?"

"Albasa ce," in ji Mami.

"A ruwan sabulu?" Ya rufe ƙofar ya jingina da ita. Ya ajiye kwalbar. Muryarsa ta sauka, ba irin ta rumfa ba. "Tunda kin kawo kanki, gara ki ji daga bakina. Alhamis za a saurari ƙarata. Lauyata ta nemi a kira ki, kuma an amince. Gobe sammaci zai same ki a ofis."

"Ni? Ba ni da hannu a shari'ar."

"Shi za ki je ki faɗa. Ta ce in aka tabbatar ma'aikaciyar hukuma ce ta kitsa ƙarar saboda gabar gida, binciken ya gurɓace, a mayar min da lasisina. Ke kuma ki nemi wani aikin."

"Berto..."

"Za ki ɗaga hannu ki rantse. Tambaya biyu ce, ta karanta min su. Ta ɗaya, ke kika kai ƙara? Ta biyu, in ba ke ba ce, kin san wanda ya kai?"

Da safiyar ranar aka yi min tambayar nan, da na amsa ko gezau: a'a, a'a. Shekarata ashirin ina zaunar da mutane ina gaya musu hukuncin wanda ya yi ƙarya bayan rantsuwa.

"Amma ni ba na son jiran Alhamis," ya ce. Ya matso, sai na ga idonsa ya kaɗa. "Ba na barci, Nilsa. Ina kwance ina cewa yayata ce, wadda ta goya ni, wadda ta saya min safar kama ƙwallo ta farko. Wani lokaci in ce ba za ta iya ba. Wani lokaci in ce ita ce. Na gaji. Ga Mami a tsaye, ki rantse da ranta. Ke ce?"

"Ba ni ba ce. Na rantse da ran Mami."

Ya daɗe yana kallona. Kafaɗunsa suka ɗan sauka.

"To kin san ko waye?"

A ƙarƙashin kumfa, Mami ta laluba ta kama ɗan yatsana. Ta matse har ƙashi.

"Nilsa, magana nake miki. Kin san ko waye?"

Na buɗe baki. Wallahi har yau ban san abin da zai fito ba.

"Berto."

Ba daga ƙofa muryar ta zo ba, daga taga ne. Sai a lokacin na lura tagar kicin a buɗe take, kuma rana ta juya, an jawo kujerar Papi inuwa, daidai ƙarƙashinta.

Kujerar ta daina lilo.

"Ƙyale yarinyar nan," in ji Papi. "Ba ita za ka tambaya ba."